Zauren Iyaye: Kafin Mu Miƙa Yaro Ga Malamin Rawa

A wannan wata za mu taɓa wata magana wadda kakanninmu ba su taɓa tsammanin za ta shiga takardar ekklesiya ba, watau zancen makarantar rawa. An sha tare mu da ita a bakin ɗakin sujada. Yawancin masu tambayar 'yan'uwanmu ne na ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura waɗanda aiki ya kai su Kano ko Kaduna ko Abuja, ko kuwa waɗanda su ke da ɗa a hannun ɗan'uwa a can. Takardar kuɗin makaranta ta zo, sai ga wani layi a ƙasa, wai kuɗin koyon wata rawar Turawa da a ke kira bale. Yarinya ta kafe da kuka, ta ce dukan ƙawayenta sun shiga. Uba kuwa ya rasa ta cewa, gama bai san abin ba, bare ya rarrabe makaranta mai kyau da marar kyau.

Bari mu fara da bayyana abin. Bale ta taso ne a fadojin sarakunan Italiya fiye da shekara 500 da su ka wuce, daga nan ta ƙetara zuwa Faransa. Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kafa mata makaranta a birnin Faris a shekarar 1661. Shi ya sa har wa yau sunayen takunta da Faransanci su ke, ko a Rasha a ke koyonta ko a Legas. Tana da ƙa'ida kamar karatu. Akwai tsayuwar ƙafa iri 5 da kowane ɗan koyo zai fara da su, akwai sanda da a ke kafawa a jikin bango a riƙa dafawa, mai son ya zama gwani kuwa ya kan yi shekara 8 ko 10 yana fama kusan kullum. Ba a koyonta da tsayuwa a gefen fili ana kallon manya.

Abin da ya sa sunanta ya shiga bakin mutane a ƙasar nan kuwa sananne ne. A watan Yuni na 2020 hoton wani yaro ɗan shekara 11, Anthony Madu, ya zaga duniya ta wayoyin hannu, yana juyi ba takalmi a tsakar gida a Legas, ruwan sama yana dukansa. Malaminsa, Daniel Ajala, ya buɗe makaranta mai suna Leap of Dance a unguwar Ajangbadi a 2017, yana koya wa 'ya'yan talakawa kyauta. Daga baya yaron ya sami gurbi a makarantar Elmhurst ta birnin Bamingham a Ingila, a 2024 kuma kamfanin Disney ya fito da fim a kan labarinsa. Iyaye da yawa jirgin Ingila su ka hango a cikin wannan labari. Mu da mu ke rike da alli, abin da ya tsaya mana a rai shi ne malamin, mutumin da ya zauna da yaron shekara da shekaru tun kafin kowa ya san da shi. Duk maganarmu ta yau a kan wannan ta ke: wane irin mutum ne za mu damƙa wa jikin ɗanmu?

Mun san akwai wanda zai ce, tukuna, shin rawa ma ta dace da ɗan Kirista? Ba mu raina wannan tambaya ba. Dattawanmu da su ka karɓi bishara a zamanin da mishan ta SIM ta ke da tasha da makarantar yara maza a Roni, da yawansu sun fito ne daga gidajen da rawa ta ke tafiya tare da bori da tukunyar giya. Da su ka juya wa waɗannan baya, sai su ka haɗa har da ganga. Suna da dalilinsu. Amma Littafi Mai Tsarki bai yi wa rawa kuɗin goro ba. A Fitowa sura 15 Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ja mata da kiɗa da rawa bayan an haye teku. A 2 Sama'ila sura 6 Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, wadda ta raina shi kuwa ita ce ba ta ji daɗin ƙarshen zancen ba. Sa'an nan ga Markus sura 6, inda rawar 'yar Hirudiya ta ƙare da kan Yohanna Mai Baftisma a cikin akushi. Ku sake karanta wurin da kyau, za ku ga yarinyar ba ita ta zaɓi abin da za ta roƙa ba. Babba ne ya sa mata magana a baki. Mu kuma da mu ke ganin Zumuntar Mata suna takawa zuwa kwanon baiko kowace Lahadi, ba ma ce taka rawa zunubi ce ba. Sai dai a duba wa ke bayan yaron.

To, yaya za a duba? Gani ya kori ji. Kada ku zaɓi makaranta don allon da a ka kafa a ƙofa, ko don maƙwabciya ta yaba. Uwa ko uba ya je da kansa, ya roƙi a bar shi ya zauna daga farkon darasi har ƙarshensa. Gaskiya ne malamai ba su son iyaye su zauna kullum, domin yara su kan shagala da waiwaye. Mu ma a ajinmu haka ne. Amma makarantar da ta hana ku kallo ko sau ɗaya, ba ta da tagar leƙe, ba ta kuma da ranar da ta keɓe don iyaye, ku ɗauki ɗanku ku yi gaba.

In kun zauna, kada idonku ya tafi ga yarinyar da ke sahun gaba, wadda ta fi kowa iyawa. Kowane malami yana son gwanarsa. Ku dubi ta can baya, mai jin kunya, wadda ta ke ɗaga hagu sa'ad da a ka ce dama. Malamin ya san sunanta? Ya je wurinta ko sau ɗaya? Da ta yi kuskure, dariya a ka yi mata ko gyara? Watakila 'yarku ita ce za ta tsaya a wannan wurin wata mai zuwa. Ku ƙirga yaran kuma. A ganinmu, ƙanana fiye da 15 a hannun mutum ɗaya kiwo ne kawai a ke yi.

Maganar shekaru ita ce inda iyaye su ka fi yin garaje. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 ba ya bukatar ƙa'idodin bale. Abin da ya dace da shi wasa ne mai tsari: tafi, tsalle-tsalle, tafiya bisa kiɗa, koyon jiran layi, na minti 30 ko 45, sau ɗaya a mako. Koyo na sosai ya kan fara wajen shekara 7 ko 8. Babbar makarantar bale ta Rasha ma, wadda ke birnin San Fitasbag, sai yaro ya kai wajen shekara 10 ta ke ɗaukarsa. Saboda haka wanda ya ce muku 'yarku mai shekara 5 za ta makara in ba ku biya yau ba, aljihunku ya ke kallo.

Za a ce mana, ai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa lanƙwasa tsumagiya don baƙin rumbu ya san ɗanyen ma tsagewa ya ke yi in an matsa masa. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi. Daga nan ne ƙashi ya ke ƙara tsawo, ba ya kuwa gama yin ƙwari sai bayan yaro ya balaga. Rauni a wannan wuri yana iya bin mutum har tsufa. Don haka ne malaman kirki ba su yarda yarinya ta sa takalmin nan mai taurin baki, wanda a ke tsayawa da shi a kan tsinin yatsu, sai ta kai shekara 11 ko 12, bayan ta yi shekaru tana ƙarfafa ƙafa da idon sawu. In kun ga 'yar shekara 7 a kan tsinin yatsu, kada abin ya burge ku. Haka kuma juya ƙafafu waje da a ke yi a bale, daga ƙugu ya kamata ya fito, a hankali. Malamin da ya kama tafin sawun yaro ya murɗa da ƙarfi, gwiwa ce za ta biya bashin. Wanda kuma ya ke danne yaro, ko ya hau bayansa don ƙafafu su baje a ƙasa, yaron yana hawaye, wannan bai san aikinsa ba, ko da takardunsa sun cika jaka. Gajiya daban, zafi mai suka daban. Bulala kuwa ba ta da wuri a ɗakin rawa ko kaɗan. Yaron da ke jin tsoro jikinsa ya kan sandare, sandararren jiki kuwa shi ne ya ke jin ciwo.

Ku taka daɓen da ƙafarku. Makarantun da su ka amsa sunansu suna shimfiɗa katako mai ɗan lotsawa, domin ya shanye nauyin mai tsalle sa'ad da ya dira. Siminti ba ya shanye kome, sai ya mayar wa ƙwauri da gwiwa da baya. Mun san a ƙasarmu kusan kowane ɗaki siminti ne, ba kuwa za mu ce sai an sami irin na Turai ba. Ga ƙananan yara masu tafi da 'yar sassarfa, siminti mai shimfiɗa a kai ba laifi. Amma ku tambayi malamin me ya ke yi game da tsalle. In ya ce ya kan rage shi saboda daɓen, ya san abin da ya ke yi. In ya dube ku kamar kun yi wani baƙon yare, kun sami amsa. Mafi muni shi ne tayil mai santsi, musamman ga yaro mai safa. Ƙasa ma mai rairayi ta fi wa gaɓoɓi sauƙi a kan siminti.

Game da takardar shaida, akwai wata ƙungiya a Landan mai suna Royal Academy of Dance, wadda a ka kafa a 1920, tana horar da malamai tana kuma shirya wa yara jarrabawa mataki-mataki a ƙasashe da yawa. In malami ya ce yana da shaidarta ko ta wata irinta, ba rashin kunya ba ne ku ce ya nuna. Amma takarda ba ita ce duka ba, gama malamin nan na Legas da kansa ya fara koya wa kansa. Ku tambaya cikin ladabi: wa ya koya maka, shekara nawa ka yi kana koyarwa, ina iyayen da za mu iya tambaya? Mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi, wadda mu kan ji nauyin faɗa a gaban jama'a. Rawar bale ba ta koyuwa sai malami ya taɓa jikin yaro, ya miƙe masa baya, ya gyara kafaɗa, ya daidaita gwiwa. Wannan ba abin zargi ba ne in a fili a ke yi, a gaban sauran yara, da ƙofa a buɗe. Amma dole ne ku sani: a ina yara su ke sake tufafi, wa kuma ke shiga wurin? Akwai babba na biyu, mace, a kusa? In an tashi, wa ke tsare yaro har a zo ɗaukarsa? Kada ku yarda da darasin yaro shi kaɗai a gidan malami, kome yawan yabon da a ka yi wa baiwarsa. Sau da yawa da irin wannan yabon a ke fara raba ɗa da iyayensa. Ku hana a ɗauki hoton 'yarku a zuba a Facebook ko TikTok ba da izininku ba, gama hoto in ya fita ba ya komowa. Ƙasarmu tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Jihar Jigawa kuma ta sa hannu a kan tata a 2021, amma doka ba ta zuwa ta zauna a aji ran Asabar. Ku ne za ku koya wa yaro, mace ko namiji, cewa akwai wuraren jikinsa da ba mai taɓawa, kuma duk babban da ya ce masa kada ka gaya wa mama, to, wannan ne abin da zai fara gaya wa mama. In kuwa yaron da ya ke ɗokin zuwa ya soma ciwon ciki duk ranar darasi, kada ku ce lalaci ne. Ku zauna da shi.

Ku kuma saurari bakin malamin. Akwai masu ce wa yarinya ta yi ƙiba, ta rage tuwo. A ƙasashen da bale ta yi ƙarfi an daɗe ana fama da 'yanmata masu ƙin abinci har su kwanta asibiti. Yaro mai girma abinci ya ke bukata.

Tufafin bale matsattsu ne, dalili kuwa shi ne malami ya ga ko baya da gwiwa sun miƙe daidai. Duk da haka mu mutanen arewa ne, muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda mu ke ganin girman juna, mu kanmu kuma muna da kunyarmu. Ba abin da zai hana yarinya ta ɗora ɗan siket ko ta sa wando mai laushi a aji, ta kuma rufe jikinta sosai a hanya. Malamin da ya ƙi sauraron wannan bai san inda ya ke zaune ba. Kafin ranar wasa a gaban jama'a, ku nemi ganin kayan da za a sa, ku ji kiɗan da za a bi. In kuma sun sa gwaji ran Lahadi da safe, ku faɗa musu tun da wuri cewa kuna da wurin zuwa.

Kada ku ɓoye wa malami lafiyar yaro. Mai ciwon sikila ba ya son gajiya mai tsanani ko ƙishirwa. Mai asma ya kan sha wuya da ƙurar hunturu. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasarmu ya kan haura awo 40, ɗakin kwano marar iska ba wurin tsalle ba ne da tsakar rana. Kowane yaro ya tafi da gorar ruwansa.

Sai kuɗi. Abin da a ka rubuta a takarda ba shi ne duka ba. Akwai takalma, waɗanda ƙafar yaro ta kan fi ƙarfinsu kafin shekara ta zagayo, akwai kayan ranar wasa, wani lokaci har da kuɗin shiga kallon ɗanku. Ku tambayi jimla tun farko, ku biya na zango ɗaya kaɗai, ku ga kamun ludayin. Ga wanda ke zaune a Kazaure, Kano ta fi kilomita 70 ta hanyar Dambatta, na Gwiwa da Roni kuwa sai sun ƙara da tasu tafiyar, kowa kuma ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da a ka cire tallafin mai a 2023. Yaro ɗan shekara 6 ya yi wannan hanya zuwa da dawowa saboda darasin minti 45, mu dai ba mu ga ribar ba. Balle a ce za a tura shi zama gidan wani a birni saboda rawa. Kuɗin karatu kuwa kada a taɓa shi.

Waɗanda ba su da irin wannan makaranta a kusa kada su ga kamar an bar 'ya'yansu a baya. Abin da ƙaramin yaro zai samu a ajin bale na fari, watau jin kiɗa, sarrafa jiki, haƙuri da jiran layi, yana nan a gida. Ku dubi gaɗar 'yanmata a dandali da farin wata. Yarinya ta juya baya ta saki jiki ta faɗa, ƙawaye su cafe ta su cilla sama, ta dira daidai kan tafi. Wannan ba ƙaramin horo ba ne, a kan rairayi kuma a ke yinsa. Ga ƙungiyar mawaƙa ta yara, ga ƙungiyar Birged, wadda a ka fara a Gilasgo a 1883 ta iso ƙasar nan a 1908, da macinta da gangunanta.

Sai dai ma'aunin da mu ka ba ku don makarantar birni, shi za ku ɗauka ku auna na gida. Kasancewar mutum shugaban mawaƙa ko hafsan Birged, ko ɗan dattijon ekklesiya, bai ɗauke masa dokar buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Muna roƙon fastoci da dattawa su sa ya zama ƙa'ida: duk inda yara su ke gwaji, manya biyu su kasance, a kuma tashi kafin duhu.

Haka nan ƙungiyoyin rawar gargajiya na makarantun firamare. Yanzu kowace makaranta tana son yaranta su yi koroso irin ta 'yan wasan Kano, da kacau-kacau a ƙafa, da ɗaga juna sama da lanƙwasa jiki. Kyakkyawar rawa ce, amma waɗanda ku ke gani a talabijin ƙwararru ne da su ka daɗe suna yi. Mun sha ganin an ɗora yaro bisa kafaɗar ɗan'uwansa a kan barandar siminti bayan gwajin kwana 3, don wani babban baƙo zai zo. Mun kuma ga an jera yara a rana tun hantsi, baƙon bai iso ba sai bayan azahar, har wata ta yanke jiki ta faɗi. In an zaɓi ɗanku cikin irin wannan, ku je ku ga hedimasta tun kafin ranar. Ku tambaye shi wa ke koyar da su, a wane fili, ina inuwar da za su jira, wa kuma zai kawo ruwa. In bai tanadi mai kawo ruwan ba, iyaye biyu ko uku su ɗauki jarka su je da kansu.